Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Jama'a, a cikin halayen da muka gada wurin iyaye da kakanni, kaɗan ne suka kai rufin asiri daraja a idonmu. Bahaushe ya iya ɓoye yunwarsa, ya iya ɓoye bashinsa, amma babu abin da ya ƙware wajen ɓoyewa kamar ciwo. Ka tarad da mutum kwance, jiki ya yi zafi kamar garwashi, ka ce masa, "Yaya jiki?" ba abin da za ka ji sai, "Da sauƙi." Wannan hali yana da kyau a muhallinsa, gama shi ya hana mu zama masu raki, shi ya koya mana haƙuri da mai da al'amari ga Allah. To, amma zamani ya zo da waɗansu wurare inda "da sauƙi" ba ta isa amsa ba, domin rayukan waɗansu bayin Allah suna rataye a kan abin da mutum ya faɗa game da jikinsa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne neman takardar shaidar lafiya ta matuƙin jirgin sama. A kan wannan nake so in ba masu karatu labarin abin da ya faru a gidanmu, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ni mutumin Maje ne, a ƙasar Suleja ta Jihar Neja, kuma malamin makaranta ne da ya ajiye alli. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Suleja ta nufi mararrabar Dikko ya san garinmu da tankokin mai, saboda ma'ajiyar man fetur ta NNPC da aka kafa a nan. Yaranmu sun tashi suna ganin manyan motoci jere a gefen titi, da yawansu kuwa ba su da burin da ya wuce su girma su riƙe sitiyari. Amma akwai ɗan ƙanwata, ɗanta na fari, wanda tun yana ƙarami idonsa a sama yake. In jirgi ya gifta, sai ya saki kome ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ubansa direban tanka ne, ya fi shekara 20 yana dakon mai tsakanin Kudu da Arewa, kuma mutum ne mai zuciyar yi wa 'ya'yansa. Da yaron ya gama jami'a, Allah ya nufa rabonsa ba a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya yake ba, sai ya sami gurbi a wata makaranta a Amurka. Uban ya sayar da filinsa, dangi suka kawo abin da ya sauwaƙa, aka biya kashin farko na kuɗin makaranta. Saura abu guda, watau shaidar lafiya, wadda in babu ita ba a barin ɗalibi ya tashi da jirgi shi kaɗai.

Kafin in ci gaba, ya kamata in yi wa mai karatu bayanin wannan takarda. A shekarar 1944 ne ƙasashe suka taru a birnin Chicago na Amurka suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ake kira ICAO, mai hedkwata a Montreal ta Kanada. Nijeriya tana cikinta. Ita ce ta shimfiɗa ƙa'idar cewa ba wanda zai yi amfani da lasisin tuƙin jirgi sai yana riƙe da shaidar lafiya da ba ta ƙare aiki ba. Ta kasa shaidar kashi uku: aji na 1 na masu tuƙi don neman abinci, aji na 2 na masu tuƙi don sha'awar kansu, aji na 3 kuwa na masu ba jirage hannu daga hasumiya. Ta aji na 1 wata 12 take yi a sake ta, kuma akan rage ta zuwa wata 6 in shekaru suka ja. Kowace ƙasa tana ɗora nata tsari a kan wannan tushe. A nan gida, hukumar NCAA, wadda ta fara aiki a shekarar 2000, ita ke zaɓen likitocin da ta amince su yi wannan awo, ba kowane likita ba. A Amurka kuwa hukumarsu ita ce FAA.

Awon da ake yi ba na wasa ba ne. Ana auna ido, kowane ɗaya shi kaɗai, sa'an nan a haɗa su. A wurare da yawa ana gwada rarrabe launi da waɗansu shafuka masu ɗigo-ɗigo da wani likitan ido na Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917, domin fitilun filin jirgi da na jikin jirgin kansa da launi suke magana, ja da kore da fari. Ana auna ji, da hawan jini, da fitsari, da bugun zuciya. Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne. Jirgin fasinja yana tafiya a nisan ƙafa 35,000 ko fiye, inda in iskar cikin jirgi ta zube, lafiyayyen mutum ma bai fi minti ɗaya ba yake da shi kafin hankalinsa ya gushe in bai sa abin shaƙar iska ba. A watan Yuni na 1972 wani jirgin Ingila ya faɗi a Staines jim kaɗan da tashinsa daga Landan, mutum 118 suka rasu, da aka binciki gawar kyaftin ɗin sai aka ga jijiyoyin zuciyarsa sun toshe ƙwarai, masu bincike kuma suka sa wannan a cikin abubuwan da suka taimaka wajen haɗarin.

Amma duk da na'urorin nan, akwai abin da likita ba shi da hanyar ganinsa. Na'ura tana nuna yadda jiki yake a ranar awo, ba ta nuna cewa mutum ya taɓa suma shekara 10 da suka wuce, ko ya taɓa shiga baƙin cikin da ya sa ya ƙi duniya, ko yana haɗiyar wata ƙwaya da dare. Wannan sai daga bakin mai jiki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa tun kafin a ga likita ake ba mutum fom ya cika da kansa. A Amurka an daina cika shi a takarda tun watan Oktoba na 2012, sai ta intanet, a wani shafi da suke kira MedXPress. Mutum zai buɗe shafin, ya amsa tambayoyi, ya aika, a ba shi lamba. Wannan lamba zai kai wa likita cikin kwana 60, in ya wuce haka sai ya sake sabo. A ƙasan fom ɗin kuma an rubuta gargaɗi cewa wanda ya faɗi ƙarya da gangan yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 250,000, ko ɗaurin da ya kai shekara 5, ko duka biyu.

Wata ranar Asabar da la'asar yaron ya kawo kwamfutarsa gidan uwarsa, ya ce, "Kawu, zo ka zauna kusa da ni, kada in yi kuskuren Turanci." Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Uwarsa tana gefe tana tsintar shinkafa, ba ta ko dube mu ba, gama ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma sa baki a sha'aninsa a gaban mutane. Yana karantawa, ina juyawa da Hausa don mu tabbata mun fahimta. Suna, da ranar haihuwa, da maganin da yake sha, da likitocin da ya gani cikin shekara 3 da suka wuce, duk muka wuce su babu gardama. Sai muka iso tambaya ta 18, wadda ta ƙunshi jerin cututtuka, ta kuma fara da cewa ko ka taɓa, a duk tsawon rayuwarka. Ciwon kai mai tsanani? A'a. Asma? A'a. Ciwon zuciya, hawan jini, ciwon sukari, tsakuwar ƙoda? A'a. Gushewar hankali ta kowane dalili? A'a. Farfaɗiya ko jijjiga? Ya yi dariya ya ce a'a. A daidai nan na ji ƙarar shinkafa a faranti ta tsaya. Sabis ya ɗauke kafin mu kai ƙarshe, sai ya adana abin da ya cika ya ce gobe ma rana ce.

Bayan sallar isha ƙanwata ta same ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe ba ta ce kome ba. Can sai ta ce, "Yaya, tambayar nan da kuka yi ɗazu ta jijjiga, har da ta yarinta?" Na ce mata sun ce duk tsawon rayuwa. Ta ce, "To, yaron nan ya taɓa yi." Ashe yana da shekara 2 da 'yan watanni zazzaɓi mai zafi ya kama shi wani dare, idonsa ya juye, jikinsa ya sandare, ya yi ta karkarwa na 'yan mintoci. Lokacin ina aiki a wani gari, ban sani ba. Suka kai shi asibiti, aka kwantar da shi kwana 2, likita ya ce zafin zazzaɓi ne ya jawo, bai kuwa sake yi ba har yau. Surukarta, Allah ya jiƙanta, ita ta yanke cewa kada a ƙara ta da maganar, don kada a ce akwai farfaɗiya a gidan. Mai karatu ya san abin da wannan kalma take yi wa gida a ƙasarmu: ana gudun mai ita, ana cewa ana ɗauka, alhali kuwa ba a ɗauka, kuma in maganar aure ta taso sai ta shafi har ƙannensa mata da ba su ji ba ba su gani ba. Saboda haka aka binne zancen shekara 20 da ɗoriya, shi kansa mai jikin bai sani ba.

A nan ne na lura da wani abu game da wannan fom. Waɗanda suka tsara shi sun tsara shi ne don mutumin da tarihin lafiyarsa yake rubuce a fayil tun ranar da aka haife shi, in ya manta takarda ta tuna masa. Mu kuwa fayil ɗinmu yana cikin ƙirjin uwaye da kakanni. Abin da ya sami mutum kafin ya yi wayo, su kaɗai suka san shi, su ke zaɓen abin da za su faɗa da wanda za su tafi da shi kabari. Ke nan tambayar da kwamfuta ta yi wa yaro ɗaya, a gaskiya gida guda ta yi wa.

Washegari uban ya dawo daga tafiya, muka keɓe mu biyu na gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ka san girmanka a wurina, amma ka saurare ni. Yaron nan ya ce a'a, kuma har ga Allah abin da ya sani ke nan. Bai yi ƙarya ba. In mun yi shiru, babu laifi a kansa ko a wurin Turawan, tunda ka ce sai wanda ya yi da gangan. Ni na fi shekara 20 ina jan lita 33,000 ta fetur a bayana, ina ratsa garuruwa da kasuwanni, ba wanda ya taɓa tambayata ko na taɓa suma ina yaro. Na sayar da fili na biya kuɗin da ba za a mayar ba. Yanzu saboda zazzaɓin dare ɗaya mu je mu tona wa kanmu asiri da hannunmu? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ban raina maganarsa ba, kuma ba na so mai karatu ya raina ta. Mutum ne da ya zuba guminsa na shekaru a kan abu guda, yana ganin kalma ɗaya za ta kwashe shi. Na ce masa, "Alhaji, gaskiya ne bai sani ba, amma mu mun sani. In muka bar shi ya sa hannu, mun ɗora masa kayan da bai san yana ɗauke da su ba, mun kuma mai da bakinsa abin faɗin ƙaryarmu. Kai in jiri ya ɗebe ka a hanya, kana da gefen titi, ka ja ka tsaya. Sama ba ta da gefen titi. Na biyu, ni da kai ba likitoci ba ne. Wataƙila abin nan ba kome ba ne, wataƙila kuma wani abu ne. Wanda aka ɗora wa yanke wannan hukunci shi ne likita, in muka ɓoye masa, mun ƙwace aikinsa mun yanke da jahilcinmu. Na uku, wannan fom ba sau ɗaya ake cika shi ba. Kowace shekara zai sake, amsar bana kuma tana nan ajiye ana gwada ta da ta baɗi. Ranar da wata gwaggo ta saki baki a wurin biki, ya ji, yaya zai yi? Ya ci gaba da a'a yana sane, ko ya koma ya ce a'a ɗin baya ba daidai ba ce? Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ya ce, "In kuma suka hana shi fa?" Na ce, "In suka hana shi don jikinsa ba zai ɗauka ba, to, gara mu yi asarar fili da mu yi asarar ɗa, da 'ya'yan mutane a bayansa. Amma kada mu yi wa kanmu alƙalanci a duhu. Abuja ga ta nan kusa, akwai likitocin da NCAA ta amince da su. Mu je mu tambaya kafin a aika da kome." A kan haka muka rabu, ba don ya gamsu ba, sai don ya ga tambaya ba ta cin kuɗin fili.

Gaya wa yaron ya faɗo a kaina, tunda uwarsa ba za ta iya kallon idonsa da irin wannan magana ba. Da na gama, fuskarsa ta canza, ya ce, "Kawu, ke nan shi ke nan?" Na ce masa ba mu sani ba tukuna. A daren nan uwarsa ta buɗe tsohuwar akwatin aurenta, ta zaro wata leda daga ƙarƙashin zannuwa. A ciki akwai katin asibiti, ya yi ja don tsufa, da rubutun likita da kwanan wata. Matar da aka hana faɗi, ba a hana ta ajiyewa ba. Ta miƙo mini ba tare da ta dubi ɗanta ba, ta ce, "Yaya, ga shi, ko zai yi amfani."

Likitan da muka gani a Abuja ya karanta katin, ya yi wa yaron tambayoyi, ya duba shi, sa'an nan ya yi mana bayani. Jijjigar zazzaɓi aba ce sananniya ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5, tana samun kamar yara 2 zuwa 5 a cikin 100, kuma mafi yawansu suna girma lafiya lau ba su sake yi ba. Ita daban, farfaɗiya daban. Littafin jagora na likitocin FAA ma ya yi maganarta a fili: in sau ɗaya ce, ta faru kafin shekara 5, ba ta dawo ba, mutum kuma ba ya kan magani, likita yana da ikon ba da shaidar. Abin da gidanmu ya yi shekaru yana ɓoyo kamar gawa, ashe a wurin masu abin layi ɗaya ne a littafi.

Wannan ya sa na ƙara bin diddigi, na ga ashe ba mu kaɗai muke tsoron inuwarmu ba. Da yawa suna zaton mai sa tabarau ba ya tuƙa jirgi, alhali ƙa'ida ta yarda, muddin tabarau ya kai ido ga ma'aunin da ake so. Waɗansu suna ɓoye cewa jininsu AS ne, a ƙasar da kusan mutum 1 cikin 4 yake ɗauke da wannan gado na sikila, alhali ƙa'idar ICAO ta ce mai ɗauke da gadon kawai, wanda ba shi da ciwon, galibi ana iya ba shi shaida. Mai hawan jini da yake shan maganin da aka amince da shi, jinin kuma ya daidaita, yana iya ci gaba da aikinsa. Tun 2010 FAA ta fara barin waɗansu matuƙa masu shan maganin ciwon damuwa su tashi bisa sharuɗɗa, a 2019 kuma ta buɗe irin wannan ƙofa ga masu ciwon sukari da suke allurar insulin su yi tuƙin kasuwanci. Ba na cewa kowa yana samu. Akwai ciwon da yake rufe ƙofa, kamar farfaɗiya ta ainihi, wanda kuwa hakan ta same shi sai haƙuri. Amma wanda ya faɗi gaskiya yana da hanyoyi da yawa a gabansa, wanda aka kama da ɓoyo kuwa ya zubar da abin da ake ba shi jirgi dominsa, watau yarda.

Kada kuma a ɗauka ɓoyon ciwo halin Bahaushe ne shi kaɗai. A 2023 jaridun Amurka suka ba da labarin cewa ana binciken matuƙa kusan 5,000, tsofaffin sojoji, waɗanda suke karɓar kuɗin nakasa daga wata hukumar gwamnati amma ba su bayyana cututtukan a fom ɗin FAA ba. Da aka gwada fayil da fayil sai asiri ya tonu. Mafi muni shi ne abin da ya faru ranar 24 ga Maris, 2015, lokacin da mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings da ya taso daga Barcelona zuwa Düsseldorf ya kulle kyaftin a waje, ya kai jirgin ya buga da dutse a ƙasar Faransa. Mutum 150 suka hallaka. Da aka bincika gidansa sai aka tarad da takardun likita da suka ce bai cancanci aiki ba, har da ta ranar, ya yayyaga su bai kai wa kamfani ba. Rahoton masu binciken Faransa ya ambaci tsoron rasa lasisi da tsoron abin da zai biyo baya na kuɗi a cikin abubuwan da mai yiwuwa suka sa ya yi shiru. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wannan rahoto ya tuna mini da maganar surukina. Tsoron da ya kama direban tanka a Maje shi ne ya kama matuƙi a Jamus, tsoron kada gaskiya ta cinye abincin mutum. Saboda haka wa'azi kaɗai ba ya isa. In ana so mutane su faɗi gaskiya, dole a rage mata tsada. Bayan wancan haɗari Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanonin jirage su kafa hanyar da matuƙi zai kai kukansa ga 'yan'uwansa matuƙa a asirce, a taimake shi ya nemi magani ba tare da an yi masa kallon mai laifi ba. Lalle ya kamata kamfanoninmu da ƙungiyoyin matuƙa su riƙe irin wannan da muhimmanci, su kuma tabbatar kowane matuƙi yana da inshorar rasa lasisi, yadda wanda likita ya saukar ba zai wayi gari ba shi da na cefane ba.

Yaronmu ya koma kan kwamfutarsa ya gyara amsoshinsa. Ya sa eh a kan jijjiga, da gushewar hankali, da kwanciya a asibiti, ya rubuta bayani a taƙaice da shekarar da abin ya faru, ya aika, aka ba shi lamba. Ya tafi da katin nan da takardar likitan Abuja a cikin jakarsa. Likitan can ya karanta, ya yi nasa awon, ya ba shi shaidarsa a ranar. Da ya bugo waya, uban yana hanya, sai daga baya ya zo ya same ni, ya zauna, ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri." Bai ƙara kome ba, ni ma ban ƙara ba. In Allah ya dawo da yaron, sai ya sake bi ta hannun likitocin NCAA kafin ya yi aiki a gida, kuma amsar da zai ba su ita ce wadda ya ba waɗancan, ba shi da abin tunawa balle abin mantawa.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila 3 suka sauka a Kano, makarantar Zariya kuwa tun 1964 aka kafa ta. 'Ya'yanmu za su ci gaba da neman wannan aiki, muna kuma so su nema. Saboda haka ga shawarata ga iyaye. Da fari, kafin ku sayar da gona ko fili, ku fara kai yaro wurin likitan da hukuma ta amince da shi ya yi awon aji na 1, domin kuɗin awo ba a bakin kome yake ba in an gwada da kuɗin makaranta. Na biyu, kada yaro ya ba mai shagon kwamfuta fom ɗinsa ya cika masa, gama wanda bai san jikinka ba a'a zai jera daga sama har ƙasa don ya sallame ka, sa hannun kuwa naka ne. Na uku, ku ajiye katin asibiti da takardun rigakafi kamar yadda kuke ajiye takardar fili. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, in yaro ya kai munzali ku zaunar da shi ku gaya masa abin da ya same shi yana ƙarami. In kunya ta hana uwa, akwai kawu, akwai gwaggo. Tarihin jikinsa haƙƙinsa ne, ajiya aka ba ku.

Ga samari masu sha'awar wannan aiki kuwa, ku sani fasinja ba ya ganin fuskar matuƙi, ba ya tambayarsa yaya ya kwana. Alhajin da ya hau jirgi a Kano ko Sakkwato zai tafi Jidda ya miƙa ransa ga Allah, sa'an nan ga mutumin da bai taɓa gani ba. Abin da ya tsaya tsakaninsu shi ne waɗannan 'yan amsoshi da aka danna a ɗaki, lokacin da babu mai gani sai Allah. Wannan ita ce amana, kuma tun daga nan ake fara tuƙi, tun ba a taɓa jirgi ba.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba mu ikon riƙe amana a ɓoye da sarari, ya kai matafiyanmu na sama da na ƙasa gida lafiya. Amin.